Kwalaye Shida a Saman Kabad

Wani ƙato mai hular rana ne ya tare ni a bakin layinmu. Ya ɗaga mini hannu kamar mai ba da hannu a titi, ya ɗora yatsa a leɓe.

"Anti, a yi haƙuri, ba a wucewa yanzu. Ana ɗauka."

"Ana ɗaukar me?"

"Fim. Minti biyar kacal."

Na dube shi sama da ƙasa. A layin nan aka haife ni, a kan kwalbatin da yake tsaye na fasa goshi ina 'yar shekara shida, tabon yana nan har gobe. Na buɗe baki zan gaya masa haka, sai idona ya tsallake kafaɗarsa, na ga abin da ke bayansa.

Layinmu ne, amma an sauya masa kama. Shagon mai aski ya zama kantin magani, har da allo. Katangar makarantar da na sani fara tas an shafa mata datti na gangan. Baƙaƙen wayoyi sun miƙe a ƙasa, masu kauri, duk sun nufi ƙofa ɗaya. Ƙofar koriya ce yanzu, amma ko a mafarki na san ta. Ƙofar gidanmu ce.

Kwana tara ke nan da rasuwar Baba. Ni nas ce a ɗakin tiyata, a wani gari mai nisa. Ranar da abin ya faru wayata tana kulle a akwatin ajiye kayanmu na asibiti, aka yi ta kira ba a same ni ba, kafin in yi tafiyar yini guda an riga an kai shi makwancinsa. A gidan Yaya na sauka, babban wana, don a can Baba ya cika. Na ɗauka ciwo ne ya mayar da shi can. Ashe Yaya ne ya ba 'yan fim hayar gidanmu na wata biyu, ya ɗauko tsohon ya ajiye a ɗakin baƙinsa, ciwon kwana uku ya riske shi a nan. Bai gaya mini ba. Yaya dama haka yake, sai ka riga ka taka abu yake tuna ya ce maka ka kula.

Shekara bakwai rabona da gidan, kuma shekara bakwai rabona da muryar Baba. Tiyatar Mama ce ta raba mu. Ni na nace a yi mata aikin, shi yana tsoro. Na kawo takardar amincewa, na riƙe masa biro har ya sa hannu. Mama ba ta farka ba. A barandar asibiti ya dube ni ya ce, "Ke kika shigar da ita, ke kika san inda kika baro ta." Ni kuma, da yake bakina ba ya da birki, na ce da bai yi shekara yana jan ƙafa ba, da tana raye. Daga nan kowa ya kama gabansa. Na jira ya kira ni, ya jira in zo.

Abu ɗaya ne ban daina ba. Farkon kowace shekara nakan haɗa kwali in aika masa, in ɗaure da igiya, in rubuta adireshi da hannuna. Rediyo, bargo, na'urar awon jini, fitilar tebur, rigar sanyi, da gilashin ƙara girman rubutu, don shi mai gyaran littattafai ne, ɗinki da manna bango, idonsa kuma ya fara ja da baya. Duk shekara in tambayi Yaya a waya, duk shekara amsa ɗaya: "Yana can saman kabad. Ko igiyar bai kwance ba." Sau shida ina jin wannan. Bana na ce na gaji da yi wa kabad hidima, ban aika komai ba.

To, abin da ya kawo ni layin da safen nan ke nan. Ina so in ga kwalayen da idona, in kwashe kayana. Ƙarƙashin wannan kuma akwai abin da ban gaya wa kowa ba: ina so in sani ko da fushina ya tafi.

"Malam," na ce wa ƙaton, "ko ka matsa ko in bi ta kanka. Gidan ubana ne."

Hayaniyar ce ta fito da wata gajeriyar mata daga cikin gidan, jaka a ƙugu, salatif a hannu kamar awarwaro, alƙalamin maka a bayan kunne. Anti Lamba suke ce mata, don duk abin da ta taɓa sai ta manna masa lamba. Ita ce mai kula da kayan ɗaki. Ta dube ni sau ɗaya ta washe baki.

"Wannan hancin ai na Baba ne. Ke ce autar tasa? Sannu da zuwa, 'yar'uwa. Ya jikin nasa? Ya ƙafar?"

"Da sauƙi," na ce.

Wallahi ban shirya faɗin haka ba. Baki ne ya saba, ya riga ni. Amma na kasa janye maganar. Ashe ba wanda ya gaya wa 'yan fim ɗin. A cikin gidan nan, wajen mutum arba'in suna kai da kawo, kuma a wurinsu duka Baba yana raye a gidan ɗansa yana jiran a gama masa da ɗaki.

Ta ja hannuna muka shiga, tana ce mini in lura da waya. Falo ya zama na wasu mutane. Hotunan wani iyali da ban sani ba sun cika bango, har da na aure, suna murmushi a inda agogonmu yake. Na taɓa wata katuwar durowa, ta motsa, ashe falanki ne kawai aka yi wa fenti. Littattafan kan kanta ma bango ne ba ciki. Na ce a raina, da Baba ya ga wannan, da ya yi musu wa'azin yini guda.

"Yau ne ƙarshe," in ji Anti Lamba da raɗa. "Zo ki gani, amma kar ki yi ko tari."

Ɗakin Baba ta kai ni. Sun toshe tagar da baƙin ƙyalle, sun kunna fitila a wajenta tana kwaikwayon hasken yamma, alhali ko sha ɗaya ta safe ba ta yi ba. A daidai inda gadon Baba yake akwai wani gado, a kansa wani dattijo mai furfura, an shafa masa hoda ya yi fari fat. Wata budurwa tana durƙushe a gabansa riƙe da hannunsa. Darakta, wani siriri mai gemu, ya ɗaga hannu ya ce a fara.

Dattijon ya buɗe ido a hankali, ya ce, "'Yata, kin zo?" Ya yi mata magana mai tsawo, tsaf-tsaf, ya yafe mata wani abu da ban gane ba. Sai kansa ya langaɓe gefe.

Na ga mutuwa ta fi a ƙirga, na san ba haka take zuwa ba. Ba ta jiran mutum ya kai aya. Amma na tsaya a bakin ƙofar nan na kasa ɗauke ido. Darakta ya ce a sake, don wai hannun bai faɗi daidai ba. Mamacin ya tashi zaune ya nemi ruwa, ya ce fankar nan fa a kashe ta tana sa shi mura. Ya koma ya kwanta. Sau biyar ya mutu a gabana, sau biyar 'yarsa tana isowa a kan lokaci.

Da aka gama, na ɗauka za a watse. Sai mai ɗaukar sauti, wani mai ƙaton abin ji a kunne, ya ɗaga sandar makirufonsa ya ce, "Kowa ya tsaya inda yake. Minti ɗaya, zan ɗauki shirun ɗaki."

Na dubi Anti Lamba. Ta raɗa mini cewa kowane ɗaki da irin shirunsa, sai sun naɗe shi su tafi da shi, in ba haka ba fim ɗin ba ya haɗuwa.

Mutum goma sha wani abu suka daskare. Aka kashe janareta. Sai shirun ya sauko, kuma na gane shi. Shi ne na bayan azahar, lokacin da Baba yake zaune a teburinsa yana jan zare cikin takarda, ni ina kwance a ƙasa ina aikin makaranta, ba mai cewa uffan, ba kuma mai fushi da kowa. Ga kukan famfon bayan gida da bai taɓa rufuwa daidai ba. Ga ƙarar kwanon rufi yana miƙewa cikin rana. Har warin gam na ji, ko da yake na san an yi fenti a kansa. Na kasa kunne ina jiran gyaran muryarsa, wadda yake yi kafin ya juya shafi.

Mai sautin ya sauke sandar, fuska a murtuke. "Akwai mai numfashi da ƙarfi. Daga wajen ƙofa. A sake."

Na fita da baya na bar musu ɗakin.

Anti Lamba ta biyo ni tsakar gida. Na tambaye ta ina kayan Baba suke. Ta ce suna sito a kulle, kowanne da lambarsa. Ta ciro wani allon waya mai faɗi daga jaka ta nuna mini.

"Kafin mu taɓa ko tsinke, sai na ɗauki hoton kowane lungu. Ɗari huɗu da wani abu na ɗauka a gidan nan. Ƙa'idarmu ce, yadda muka samu gida haka muke mayar da shi. Kofi in a hagu yake, hagu zai koma. Baba kuma ya ja mini kunne, ya ce in ya dawo ya ga an kau da allurarsa ɗaya, sai ya kai ƙarata. Ki zo gobe da safe ki gani. Zai shigo ya rantse bai taɓa fita ba."

Na ce to. Na koma gidan Yaya ban ce masa komai ba, don in na fara ba za a ji da daɗi ba, ga baƙi a gidan.

Washegari na tarar layin ya fara dawowa hayyacinsa. An cire allon kantin magani, mai aski yana share ƙofarsa yana mita. Ƙofarmu ta koma ruwan toka, fentin bai bushe ba. A ciki an kwashe iyalin bango. Har tabon da agogo ya bari sun zana shi, sun rataye agogon a kai.

A ɗakin Baba, Anti Lamba tana tsaye da allonta, ma'aikata biyu suna shigo da kaya. Gado ya koma, tebur ya koma, kabad ya koma lungunsa da 'yar takardar da ake tokare ƙafarsa da ita. Ta ce daga sama suke farawa su sauko, don ƙura. Wani kafinta ya hau tsani, aka fara miƙa masa kwalaye.

Ga su nan. Shida. Rubutuna ne a jikinsu, ƙullin igiyata ne, irin wanda muke yi a tiyata, ba wanda ya taɓa shi. Takardar ko yagewa ba ta yi ba. Shekara shida ina jin labari, amma gani daban ne. Baƙin ciki da haushi suka haɗe mini. Wato har ya mutu bai ga na isa ya kwance igiya ba.

"Kar ka ɗora su," na ce wa kafintan. "Miƙo mini. Nawa ne, tafiya zan yi da su."

Ya dubi Anti Lamba, ya dube ni, ya ga fuskata ba wasa, ya miƙo na farkon. Na rediyo ne, na tuna nauyinsa sarai, don sai da na huta sau biyu kafin in kai shi tasha. Na tattara ƙarfi na tara hannu. Hannuwana suka yi sama kamar an ja su. Kwalin ba komai a ciki.

Na girgiza shi. Na juya shi. Na karɓi na biyu, na uku. Duk iska.

Anti Lamba ta tuntsure da dariya. "Kash, kin ɓata masa shiri! Ni ma haka na yi ranar farko, saura kaɗan in faɗo daga tsani. Ni da sana'ata kwalin banza ce, na ce masa, Baba, ashe kai ma ɗan fim ne?"

Ta karɓi ɗaya ta kifa shi, ta bi gindin da farce. Sai da na sunkuya sosai na ga layin, siriri kamar gashi. An yanka takardar ta ƙasa da wuƙar aikinsa, an zare kayan, an mayar an manne. Shekara hamsin yana rufe yagewar da ba a so a gani, wa zai kama shi? Ba dai Yaya ba, wanda ko saman kansa ba ya dubawa.

"Kayan fa?" na ce.

"Ai ga su nan zuwa. Lamba tamanin zuwa sama."

Aka buɗe akwatin ƙananan kaya. Ta rinƙa ɗauka tana duba hoto tana ajiyewa. Rediyo a kan taga, maɓallinsa ya goge har lambobin sun ɓace. Bargon a ƙarshen gado, an yi masa faci a gefe da ɗinkin littafi. Fitilar a kan tebur, wuyanta a sunkuye daidai tsayinsa in ya zauna. Gilashin a kan wani buɗaɗɗen littafi da bai gama ɗinkewa ba, allura tsaye a cikin zaren. Na'urar awon jini tana cikin durowa tare da wata takarda da ya rinƙa rubuta awonsa kullum, kamar yadda na rubuta masa a jikin murfin. Rigar sanyin ce kawai babu, ta ce ai da ita ya fita a jikinsa ranar da ɗansa ya zo ɗaukarsa.

Yaya yana shiga ɗakin nan duk sati, ya ga rediyo, ya ga bargo, ya ɗauka tsohon ne ya sai wa kansa. Bai taɓa tambayata abin da ke cikin kwalayen ba, ni kuma girman kai bai bar ni na faɗa ba.

Na zauna a bakin gadon. "Me ya ce miki?"

"Na tambaye shi, Baba, wannan wahala ta mece ce? Ya ce, na wata mai taurin kai ne, ni ta gado. Ya ce ranar da za ki zo, kina shigowa can saman za ki fara kallo, yana so ya ga yadda za ki kumbura tukuna, sannan ya kunna miki rediyon. Na ce to ka kira ta mana. Ya ce ai ta san hanya." Ta ɗauko silifas ɗinsa daga akwatin, ta duba hoto. "Ki yi mini rai, in ya dawo ki yi kamar ba ki sani ba. Kar ya ce ni na tona."

"Anti," na ce, "Baba ya rasu. Yau kwana goma."

Ta tsaya da takalmin a hannu. Kafintan a kan tsani ya cire hularsa. Ta yi salati a hankali, ta sake yi, hawaye suka zubo mata, ita da ta san shi na yini biyu kacal. Ta dubi ɗakin da ta gama haɗawa, kofin shayinsa a gefen tebur, kujerar a ɗan jaye kamar yanzu ya tashi.

"Ki yafe mini, 'yar'uwa. Wallahi ba mu sani ba. In kwashe?"

"A'a. Ki ƙarasa. Yadda yake a hoton."

Ta durƙusa ta ajiye silifas ɗin a gaban gado, ɗaya ya ɗan hau kan ɗaya. Ni da kaina na miƙa wa kafintan kwalayen, ɗaya bayan ɗaya. Ya jera su a saman kabad, ya ba su tazara daidai wa daida, suka cika wurin daga gefe zuwa gefe. Ya fara saukowa.

Anti Lamba ta share ido da bayan hannu, ta ɗaga allon ta gwada. Aiki ya riga ya zama mata jiki.

"Ba haka suke ba," ta ce. "Matsa su hagu, su haɗu. Akwai gurbi a dama."

Ya koma ya tura su. Wuri ya buɗe a ƙarshen layin, daidai faɗin kwali ɗaya.

"Gurbin mene ne?" na ce, ko da yake cikina ya riga ya ba ni amsa.

Ta so ta haɗiye maganar, amma ina kallonta.

"Ya ce kar a ɗora komai a nan. Na bana ne bai iso ba tukuna, wai ƙila mota ce ta yi jinkiri."